Ƙas-ƙas-ƙas a cikin inji: Yadda muka nemo ciwon Golf ɗin Baba

Da sanyin safiyar wata Talata cikin hunturu, muna tsaye a bakin gareji kowa ya cusa hannu a aljihu, sai ga wata farar Golf ta shigo tana tafiyar hawainiya. Tun kafin ta tsaya muka ji abin da ya kawo ta. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, kamar an ɓoye tsohon keken ɗinki a ƙarƙashin bonet ana ta taka shi.

Mu uku ne, maza biyu da mace ɗaya, 'yan aji uku a sashen koyon injiniyan kanikanci. Jami'a ce ta turo mu wani gareji a cikin Kano a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF mai hedikwata a Jos ta ɓullo da shi tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa ƙarfe da hannunsa kafin a miƙa masa takardar shaida. Makonmu biyar ke nan a wurin, kuma maganar gaskiya har lokacin aikinmu bai wuce miƙo sifana da wanke notuna ba.

Mai motar dattijo ne mai furfura, direban haya tsakanin Kano da Wudil. Baba muke ce masa. Motar kuwa irin Golf 3 ɗin nan ce da kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙerawa a 1991, wato ta girme mu ba kaɗan ba. Bayan sun gaisa da maigidanmu, Baba ya ce yau kwana goma da fara jin ƙarar. Ya kai ta wani wuri, bakaniken ko gama ɗaga bonet bai yi ba ya ce inji na dab da bugawa, sai an sauke shi. Kuɗin da aka yanka masa sun haɗiye abin da ya tara na rajistar jarrabawar fita sakandare ta 'yarsa, har da neman ciko. Ga kuma zaman mako guda babu lodi, alhali motar ce cefanen gidan.

"Maigida, don Allah saurara min ita," in ji Baba. "In saukewar ce, in sani, in je in nemo bashi."

Maigida ya juyo ya dube mu. "To injiniyoyi, ga jarrabawarku ta yau. Kada wanda ya taɓa sifana sai ya gaya min daga ina ƙarar nan take fitowa."

Me ke motsi a ciki?

Ƙannenmu 'yan sakandare, kafin mu ci gaba bari mu leƙa cikin injin tare, don wanda bai san abin da ke motsi ba, ba zai gane abin da ke ƙara ba. Injin wannan mota yana da silinda huɗu, kowace da fistin da ke hawa da sauka a cikinta. Aikin hawa huɗu ne, kamar yadda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya tsara a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su kama su tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙin waje. Kowace silinda tana da ƙofar shiga da ƙofar fita, su ne bawul. Wani dogon ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke saman inji, kamshaf, shi ke danna bawul ɗin su buɗe. A can ƙasa kuma akwai karanshaf, wanda ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyi, juyin da ke kai wa ga taya.

Ga wani ɗan lissafi da ya kamata ku riƙe, don zai dawo nan gaba. Sai karanshaf ya juya sau biyu kamshaf ke juyawa sau ɗaya. Idan mota na tsaye tana aiki ba a taka totur ba, karanshaf kan juya kamar sau 800 a minti. Ke nan kowane bawul yana buɗewa sau 400 a minti, wajen sau bakwai a sakan ɗaya. Ƙarar da ke zuwa da wannan saurin kunne na iya bin ta, tamkar kiɗan kalangu mai sauri. Ƙarar motar Baba haka take.

Mu da muka sha wannan a aji, tuni bakinmu ya cika da amsa. Amma Maigida ya ɗaga hannu, ya sa aka kashe motar, ya jawo benci ya zauna kusa da Baba ya shiga yi masa tambayoyi kamar likita a ɗakin duba marasa lafiya.

Yaushe take yi, da safe ko in ta yi zafi? Tana yi motar na tsaye, ko sai tana tafiya? In ka taka totur tana ƙara sauri? Fitilar mai ta taɓa kamawa? Yaushe rabonka da juye?

Da farko mun ɗauka jan lokaci ne kawai, sai daga baya muka gane kowace tambaya tana rufe wata ƙofa. Ƙarar da ba ta zuwa sai mota na tafiya, mai bin saurin taya, sau da yawa ba ruwan inji da ita, wani lokacin ma tsakuwa ce ta maƙale a taya. In kuwa sai an karya sitiyari za a sha kwana ake jin kwas-kwas daga gaba, to haɗin shaf ne ya ci, galibi don robarsa ta yage giris ya zube, ƙasa ta shiga. Wadda ake ji lokacin murɗa makulli, a ji ƙat-ƙat-ƙat inji ya ƙi juyawa, wannan batir ne ya yi sanyi ko kansa ya yi datti, wutar ba ta isa ta juya kik ba. Akwai kuma wata mai kama da tsakuwa a gwangwani da ke zuwa in ana hawan tudu da babbar giya, ita alama ce fetur ba ya kamawa yadda ya dace a cikin silinda, ko don man ba shi da kyau, ko saitin wuta ya goce, ko inji ya yi zafi fiye da ƙima. Wasu ƙararrakin ma ba ciwo ba ne sam. Injekta mai lafiya yana ɗan tik-tik a hankali, haka salansa kan yi ta ƙas, ƙas, bayan an kashe mota, ƙarfe ne kawai ke hucewa.

Amsoshin Baba suka share duk waɗannan. Ƙarar tana yi ko motar na tsaye, tana bin totur, ta fi ƙarfi da asuba, in an yi tafiyar minti goma sai ta lafa, amma takan ɗan dawo in ya cika fasinja ya taka sosai. Fitilar mai ba ta taɓa kamawa ba. Juye kuwa, Baba ya sosa ƙeya ya ce tun kafin Babbar Sallah.

Sai aka zo kan abu mafi araha a duk binciken, wato duba gejin baƙin mai. Wannan ko ku za ku iya yi a gida tare da babba. A tsayar da mota a wuri mai daidai, ba gangare ba, a kashe ta a jira 'yan mintuna man ya koma ƙasa. A zaro gejin a goge shi da tsumma, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinsa, man ya kamata ya tsaya tsakaninsu, kuma a yawancin motoci tazarar da ke tsakanin alamomin wajen lita ɗaya ce. Na motar Baba da ƙyar ya taɓo alamar ƙasa, ga shi baƙi wuluk, ya yi kauri kamar kwalta. A injin da gaba ɗaya bai wuce lita huɗu yake ci ba, rashin lita guda ba ƙaramin giɓi ba ne.

A nan akwai kuskuren da direbobi da yawa ke yi, har da wasu iyayenmu. Jar fitilar nan mai hoton buta da ke gaban direba ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin da famfo ke tura man take aunawa. Mai na iya yin ƙasa sosai fitilar ba ta ce komai ba. Ran da ta kama mota na tafiya, to a gangara gefen titi a kashe nan take, ko da kuwa gida ya kusa. Tsakanin karanshaf da 'yan ƙarafan da yake kwance a kansu, waɗanda kanikawa ke kira metal, babu komai sai wani siririn mai da bai kai kaurin gashi ba. In ya yanke, ƙarfe ya goga ƙarfe, shi ne za ku ji an ce inji ya buga. Ƙarar bugawa ba ta kama da keken ɗinki. Nauyi gare ta, gwaf-gwaf daga can ƙasa, kamar ana dukan turmi a cikin ɗaki, kuma tana ƙaruwa in mota ta ɗauki kaya.

Sukudireba a kunne

Maigida ya ɗauko doguwar sukudireba ya miƙo mana. Aka tayar da motar. Yadda ake yi shi ne a ɗora bakin sukudirebar a jikin inji, a manna ƙotar a ƙashin da ke gaban kunne. Sauti yana gudu a cikin ƙarfe da saurin kusan mita 5,000 a sakan, a iska kuwa mita 343 ne kacal, kuma ƙarfen yana kawo maka motsin daidai wurin da ka taɓa, ba hayaniyar gareji duka ba. Dabarar ba ta da bambanci da ta abin da likita ke rataya a wuya. Wani likitan Faransa, René Laennec, shi ya fara ta a Paris a 1816, da naɗaɗɗiyar takarda ya saurari ƙirjin mara lafiya.

Kafin mu matsa Maigida ya daka mana tsawa. Ya sa muka naɗe hannun riga, mai katin shaida a wuya ya cire, abokiyar karatunmu ta tattara mayafinta ta cusa cikin rigar aiki. Bel da ke juyawa ba ya tambayar sunan kowa, in ya kama zare sai ya jawo mai zaren. Fankar lagireto kuma mai wuta ce, tana iya tashi da kanta ba gargaɗi, a irin wannan mota har bayan an kashe inji. Don haka muna roƙonku, wannan sashe na sukudireba ku karanta kawai, kada ku gwada sai a gaban wanda ya san aikin.

Muka fara daga ƙasa. Babu gwaf-gwaf, sai gurnani mai santsi. Muka hau sama muka ɗora a murfin bawul, sai ga tik-tik-tik tar a kunne. Muka dubi juna muna murmushi. Tafet!

Tafet wani ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da ke tsakanin kamshaf da kan bawul. Da yake ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, dole a bar 'yar tazara a wurin. A injinan babura da janareto da wasu motocin Honda, da hannu ake saita tazarar, da wasu siraran reza masu lamba, kuma a mota ba ta wuce kaurin takarda biyu ko uku ba. In ta yi yawa sai a ji ƙas-ƙas. In ta yi kaɗan kuma babu ƙara, amma hakan ya fi muni, don bawul ba zai rufe ruf ba, a hankali wuta ta cinye bakinsa. Shi ya sa tsofaffin kanikawa suka fi yarda da bawul mai ɗan surutu a kan wanda ya yi gum. Irin Golf ɗin Baba kuwa tafet ɗinta da mai yake aiki. Baƙin mai ne ke shiga cikinsa ya cike tazarar da kansa. In man ya yi ƙasa ko ya yi datti, tafet ba ya cika da wuri, musamman da safe bayan man ya tsiyaye cikin dare, sai ya yi ta ƙara har inji ya ɗumama.

Komai ya hau daidai. Mai ya yi ƙasa, ya yi datti, ƙara da safe, sau bakwai a sakan, daga saman inji. Abokiyar karatunmu kaɗai ta ce ita fa ta fi jin ƙarar in ta tsaya ta bayan inji, wajen gilashi, kuma kamar tana da wani huci a ciki. Mu biyu muka taru muka danne ta da lissafi. Kafin gardamar ta ƙare ma injin ya yi zafi, ƙarar ta ɓace.

Maigida bai ce mun yi daidai ba, bai kuma ce mun yi kuskure ba. Ya ce juye dai dole ne, ko da ƙara ko babu. Muka kwance noti muka tari tsohon man a tasa mai tsabta, ya sa muka fita da shi rana muka karkata. Abin da ake nema shi ne ƙyalli, wato ɓurɓushin ƙarfe mai walƙiya da ke nuna metal ya fara ci. Babu ko ɗaya. Nan ya juya wurin Baba.

"Malam, ƙasan injin nan lafiya lau. Ba inda za a sauke shi. Ka je ka yi aikinka, da yamma ka kawo ta ta kwana a nan. Amma yau duk sanyi kada ka rufe gilasai."

Muka sa sabuwar filta da sabon mai mai hatimi a murfi, Baba ya tafi yana ta godiya. Maganar gilasai kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, mu dai muna ta lissafin yadda za mu rubuta nasararmu a littafin rahoto.

Washegari

Ƙarfe bakwai muka iso, motar ta kwana a sanyi, raɓa ta lulluɓe gilashi. Baba ya murɗa makulli. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, ko ɗigo bai ragu ba. Yaran gareji suka fashe da dariya, wani ɗan shekara goma sha biyu har yana riƙe ciki yana cewa boko ya sha ƙasa.

Maigida bai yi dariya ba. Ya ce mu ɗauki sukudirebar mu je ga wata Golf da aka kawo gyaran birki, wadda injinta ba shi da matsala, mu saurari murfin bawul ɗinta. Muka ɗora. Tik-tik-tik, sak irin wanda muka ji jiya. Ashe duk inji in ka saurare shi ta ƙarfe za ka ji bawul suna aikinsu. Mun je da amsa a zuciya, kunne kuma ya ba mu abin da muke so. Da mun fara sauraron mai lafiya, da ba mu yi saurin yanke hukunci ba.

Sai ya kira abokiyar karatunmu. "Ke, jiya me kika ce kin ji?" Ta maimaita. Ya yagi siririyar takarda daga tsohuwar jarida, ya manna a bakin wata waya mai tsawo, ya ba ta tocila, ya ce ta zura a hankali ta bayan inji, inda manifol yake. Manifol shi ne ƙarfen nan mai rassa huɗu da ke tattara hayaƙi daga silinda huɗu ya zuba a bututun salansa. Ta bi reshe na ɗaya, shiru. Na biyu, na uku, shiru. Tana kaiwa na ƙarshe takardar ta shiga rawa, fir-fir-fir, daidai da bugun ƙarar. Aka haska tocila, sai ga wani baƙin zane na toka a jikin kan inji, kamar an goga gawayi. A wurin da noti ya kamata ya kasance kuwa babu komai sai guntun bol da ya karye.

Yanzu ku dawo da lissafin nan na ɗazu. Kowace silinda tana korar hayaƙi sau ɗaya a juyi biyu na karanshaf, wato sau bakwai a sakan, daidai da saurin tafet. Hayaƙin yana fitowa da ƙarfi, in ya samu 'yar kafa a gasket sai ya tsarto ta wurin da sauti mai kaifi, kunne ya rantse ƙarfe ne ke bugun ƙarfe. Lafawar da ƙarar ke yi in mota ta yi zafi kuwa, darasin nan ne na Fiziks da kuke yi a kan miƙewar ƙarfe. Manifol yana ɗaukar zafi na ɗaruruwan digiri, ya kumbura ya toshe kafar da kansa. Da dare ya huce ya koma, kafar ta sake buɗewa. In an cika fasinja an taka totur, ƙarfin hayaƙin ya ƙaru ya sake samun hanya, shi ne dawowar da Baba ya ambata, wadda mu ba mu ba ta muhimmanci ba don ba ta shiga cikin amsarmu.

Wannan darasin ne kuma ya bayyana karyewar bol ɗin. Kan injin na alminiyom ne, manifol kuma baƙin ƙarfe, kuma ba tare suke miƙewa ba. A zafi iri ɗaya alminiyom kan miƙe kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, ga shi kuma zafin da kowannensu ke ɗauka ya bambanta. Bol ɗin da ya haɗa su shi ke shan ja-in-ja kullum safe da yamma, shekara da shekaru, har ya gaji. Na gefe sun fi karyewa, don can ne motsin ya fi yawa.

Maigida ya dubi Baba. "Malam, kwanakin nan kana ciwon kai?"

Baba ya yi shiru, sannan ya ce tun shigowar sanyi kusan kullum da ciwon kai yake komawa gida, wani lokacin har da jiri da barci a kan hanya, ya ɗauka mura ce da gajiya. Jikinmu ya yi sanyi. A cikin hayaƙin mota akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini tana kama sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa da ƙarfin da ya ninka na iskar shaƙar fiye da sau 200, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi mutum bai sani ba. Ita ce ke kashe iyalan da suka kwana da janareto a cikin gida. Manifol ɗin wannan mota yana dab da bangon da ya raba inji da ƙafafun direba, kuma ƙofar da iska ke shiga cikin mota tana gindin gilashin gaba, kusa da wurin. Ga hunturu, fasinjoji na cewa a rufe gilasai. Ba za mu iya rantsewa cewa hayaƙin ne kaɗai ke sa Baba ciwon kai ba, mu ba likitoci ba ne, shi ya sa ma Maigida ya ce ya biya asibiti a duba shi. Amma direba mai gyangyaɗi a kan hanyar Wudil da mutum shida a mota, wannan ya fi bugawar inji ban tsoro. Sai a lokacin muka gane maganar gilasai ta jiya.

Gyaran ya ci yini guda, kuma yawancinsa haƙuri ne. Aka bar inji ya huce sarai. Muka jiƙa sauran notunan da man kwance tsatsa muka jira, don noti mai tsatsa in ka yi masa gaggawa sai ya karye ya ƙara maka aiki. Ɗaya daga cikinmu ya hau Keke zuwa Ƙofar Ruwa da tsohon gasket a leda, ya gwada ya sayo irinsa da sabon bol da notuna. Tsohon ya ƙone ta gefe ɗaya, kafar ko kaurin farce ba ta kai ba. Guntun bol ɗin da ya maƙale shi ya fi ba da wahala. Aka cire kan batir, mai walda ya zo ya ɗora noti a kan guntun ya liƙe su, zafin waldar ya taimaka wajen saki, Maigida ya riƙa juya shi gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya fito. Muka kankare fuskar manifol, muka ɗora ƙarfen awo a kai muka haska tocila ta baya don ganin ko ta lanƙwashe. Ba ta lanƙwashe ba. Wajen ɗaurewa ya hana mu ƙarasa noti ɗaya kafin na gaba. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, don gasket ya kwanta daidai. Ana kiran sallar La'asar muka fito daga rami, baƙi ƙirin kamar masu sayar da gawayi.

Kuɗin kaya da na aiki da na juye, duka ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yanka wa Baba a farko ba. Ba mu ce bakaniken farko macuci ne ba, wataƙila ya ga baƙin man ne ya tsorata. Kuskurensa dai irin namu ne, sai dai namu a kan juye ya tsaya, nasa kuwa da ya tafi da jarrabawar yarinya, kuma da an sauke injin an mayar da tsohon manifol yadda yake ba a lura ba, da ƙarar na nan.

In motar gidanku ta fara irin wannan, akwai abin da za ku iya yi ko ba ku taɓa sifana ba. Ku karɓi waya ku naɗi ƙarar da safe kafin mota ta yi zafi, don sau da yawa kafin a isa gareji ta ɓuya, bakanike ya rasa abin saurare. Ku rubuta lokacin da take zuwa da lokacin da take tafiya. Ku tuna wa Baba ko Yaya a duba geji. In kun ji warin hayaƙi a cikin mota, ku faɗa, ku sauke gilashi. In kuma aka ce sai an sauke inji, ba rashin kunya ba ne a tambaya cikin ladabi a nuna alamar da ta sa aka ce haka.

Motar ta sake kwana a gareji, don sai da inji mai sanyi za a san gaskiya. Ranar Alhamis da safe Baba ya yi bismillah ya murɗa makulli. Tik-tik-tik na sakan biyu ko uku, sannan shiru, sai gurnani mai laushi. Muka zaro ido.

"Wannan shi ne tafet ɗinku," in ji Maigida. "Tsufa ne, ku ƙyale shi. Malam, ka riƙa duba mai duk Juma'a, kuma kada juye ya sake kai Sallah zuwa hunturu."

Baba ya fita ya dawo da ƙosai a leda da shayi, ya ce a fara ba 'yarsa injiniya. Ya ce ranar Litinin zai kai kuɗin rajista makaranta. Muna cikin ci, yaron nan mai dariya ya leƙo ya ce an kawo wata Sharon mai kuka kamar ɓera in an tayar da ita. Maigida ya nuna mu da haɓa. Muka goge hannu, mai sukudireba ya miƙa hannu zai ɗauka, ya fasa, muka jawo benci muka ce wa direban ya zauna.